Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Muryar Inna Da Ta Salwanta A Cikin Memori

Ya ke muryar Inna,

Kafin komai, Allah Ya jiƙan mai ke, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ita kam na san hanyar aika mata saƙo, domin addu'a tana isa. Ke ce ban san inda zan same ki ba. Shi ya sa na bar wannan wasiƙa a buɗe, in ba ta riske ki ba ta riski mutanen da irinki ke kwance a cikin wayoyinsu yanzu haka, suna ganin ta samu mazauni na har abada.

Ke hira ce ta wani dare na hunturu, bayan an yi isha'i, an ajiye waya a gefen tabarma kusa da gwiwarta. A cikinki ta kwashe labarin tafiyar da aka yi da ita Makka ta ƙasa tana 'yar yarinya, tun Turawa ba su tafi ba. Yadda suka bar Kano suka nufi Maiduguri, suka haye zuwa Fot Lami, garin da tun 1973 ake ce wa Njamena amma ita har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sauya masa suna ba. Yadda suka ratsa Abeshe da Junaina, suka riƙa yada zango a ƙauyukan Sudan, manya na ƙwadago domin a tara guzirin gaba, har suka hau jirgin ƙasa a Al-Ubayyid, har ta ga teku. Wannan duk mun sha jin sa a guntu-guntu tun muna yara. Abin da ba mu taɓa ji a jere ba sai a daren nan shi ne sunaye: ƙanin mahaifinta da bai dawo ba, matar da ya aura a can, 'ya'yansa bi da bi, ƙauyen da suka kafa gida, da laƙabin da ake kiran gidan nasu da shi. Ta jero su sannu a hankali tana lanƙwasa yatsu, ta kuma maimaita, domin ta san ana ɗauka. Waya na ɗauka, hankalin kowa ya kwanta.

Gidan da aka ba ki kuwa tsawonsa milimita 15 ne, faɗinsa 11, kaurinsa 1. Kamfanin SanDisk na Amurka ne ya fito da shi a 2004 da sunan TransFlash, a 2005 aka mayar da sunan microSD. Fasahar da ke cikinsa ta girme shi. Wani injiniyan kamfanin Toshiba na Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1980. Ba a sassaƙa ki a kan wani abu mai tauri ba. 'Yar wutar lantarki ce aka tsare a cikin gurabe ƙanana da ido ba ya gani, ana karanta yawanta a gane abin da aka ajiye. Wannan wutar tana yoyo a hankali ko da ba a taɓa katin ba, zafi yana ƙara mata saurin yoyo, kowace gogewa da sake rubutu kuma tana cinye ƙarfin gurbin. Wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu, da yadda waya ke ɗaukar zafi a aljihu ko a wurin mai caji, ya san ba a yi memori domin gado ba. An yi shi domin ya riƙe kaya na ɗan lokaci. Mu ne muka mai da shi taskar tarihin gida.

Bayan rasuwar Inna, Umma ta ce a sa mata ke a wayarta, ba za ta iya jiran sai na zo gida kafin ta ji mahaifiyarta ba. Na zare memorin na sa mata shi ɗungurungum, da ke da hotunan sunan 'yata da na bikin ƙanwata da duk abin da ya taru a ciki. Babu kwafinki a wata waya. Takan kunna ki bayan ta idar da lazimin asuba. Wata rana batir ya mutu a daidai lokacin da wayar ke sauke wani bidiyo da aka turo mata. Da aka yi caji aka kunna, sai ga saƙo a fuskar waya, wai memori ya lalace, sai an yi masa formatin.

Ina so ki san halin da kike ciki a wannan sa'ar, domin shi ne abin da ya fi ci mini rai. Lafiyarki ƙalau. Ba a taɓa ko daƙiƙa ɗaya daga cikinki ba. Memori kashi biyu ne a tsarinsa. Akwai fili mai faɗi da aka yanyanka gunduwa-gunduwa, inda ainihin hotuna da muryoyi suke zaune. Akwai kuma rajistar da ke riƙe da sunan kowane fayil, da gurbin da ya fara, da gurbin da ke bin sa, har zuwa ƙarshe. Tsarin rajistar na kamfanin Microsoft ne, tsoho ne ƙwarai, asalinsa tun ƙarshen shekarun 1970. Katin da bai wuce giga 32 ba yakan zo da samfurin da ake kira FAT32, wanda ya haura haka kuma da exFAT. Rauninsa shi ne ba ya jure yankewar wuta a tsakiyar aiki. Duk lokacin da waya za ta ajiye sabon abu sai ta taɓa rajistar, in kuwa batir ya mutu ana cikin haka, ko aka fizge katin alhali waya na kunne, rajistar na iya hargitsewa. Waya ta duba ba ta gane komai ba, sai ta ce kati ya lalace. Misalinsa gonaki ne da aka tuge gambar da ke kan iyakokinsu, takardar mai gari kuma ta ɓata. Ba mai iya nuna gonar wane daga ta wane, amma gero yana nan tsaye. Ba ya salwanta sai ranar da wani ya ɗauka fili ne marar mai shi ya shigo da garma.

Ba na gari a lokacin. Wani yaro a gida ya ga ran Umma ya ɓaci, ya karɓi katin ya kai wani shago a bakin titi, irin na masu tura waƙoƙi da fina-finai. Mai shagon ya sa shi a kwamfuta, ita ma ta nemi a yi formatin, ya danna. Nan take kati ya hau, fes, babu komai a ciki. Domin ya nuna cewa gyara ya yi, sai ya loda masa wa'azi da fina-finai har ya kusa cika, ya miƙo. Yaro ya dawo gida da murnarsa. Garin neman gira aka rasa ido.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, kuma ban samu mugunta a ciki ba. A wurin mai shagon, gyaran memori shi ne memori ya sake aiki, kuma ya sake aiki. Amma ba zan ce ba shi da laifi ba. Wanda ya kafa teburi yana karɓar katunan mutane, amana yake karɓa, kuma tambaya ɗaya ce ta rataya a wuyansa kafin ya danna komai: me ke ciki, akwai shi a wani wuri? Katin ana sayar da irinsa a kowane lungu. Abin da ke cikinsa ne ba a sayarwa. Duk ubangidan da ya koya wa yaronsa sauya gilashin waya da tura fim bai koya masa wannan tambayar ba, bai gama yaye shi ba.

Ko formatin ɗin ma bai kashe ki ba. Irin na gaggawa da kwamfuta ke yi a cikin 'yan daƙiƙoƙi sabuwar rajista kawai yake shimfiɗawa, ya bar filin yadda yake. Akwai dai irin da ba ya barin komai. Cikakken formatin na Windows, tun daga Vista, bin katin yake yana rubuta sifili a ko'ina, wasu wayoyin Android kuma in su suka yi formatin sukan ba katin umarnin ya share gurabensa gaba ɗaya. Ke na gaggawa aka yi miki, kina nan da ranki bayansa. Fina-finan ne suka hau kanki. Abin da aka rubuta wani abu a kansa a memori ya tafi ke nan. Babu manhajar da ke dawo da shi, babu ƙwararren da ke tono shi, ko a wace ƙasa yake.

Da na dawo na ɗauki katin na nufi kasuwar waya ta Farm Centre, inda aka kwatanta mini wani injiniya da aikinsa ke nan. Abu na farko da ya tambaya shi ne ko an sa wani abu a katin bayan ya lalace. Da na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, za mu gwada, amma kada ka sa rai da yawa." Na ga bambancin mai sani da mai dannawa a yadda ya riƙe katin. Ya goge 'yan haƙoran zinaren nan takwas da ƙyalle mai taushi, domin wani lokacin datti ne kawai ke hana waya ganin kati. Bai mayar da shi cikin waya ba, ya sa shi a kad rida mai kyau. Sannan ya ɗauki kwafin katin gaba ɗayansa, gurbi bayan gurbi, da inda ke da kaya da inda ake ganin babu, ya ajiye a kwamfutarsa a matsayin fayil guda. Ya zare katin ya naɗe shi a takarda ya ba ni. Duk aikin da ya biyo baya a kan kwafin ya yi shi. Dalilinsa biyu: katin da ke ciwo na iya mutuwa ana cikin karanta shi, kuma duk kuskuren da aka yi a kan kwafi ana iya sake ɗauko wani.

Manhajar da ya yi amfani da ita sunanta PhotoRec. Wani Bafaranshe, Christophe Grenier, shi ya rubuta ta tare da 'yar uwarta TestDisk, kuma kyauta ake sauke su. TestDisk tana ƙoƙarin gyara rajista. PhotoRec kuwa ba ruwanta da rajista, filin take bi daga farko zuwa ƙarshe tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF. Murya irin taki, wadda ƙananan wayoyi ke ɗauka a tsarin AMR, tana farawa da #!AMR. In ta ga alamar sai ta kwashi abin da ke biye da ita ta ajiye a wani wuri daban, ba a kan katin ba. Wannan sharaɗi ne babba, domin wanda ya zuba abin da ya ceto a kan katin da yake ceto daga gare shi, da hannunsa yake binne ragowar.

Hotuna suka fara fitowa. Ba su zo da sunayensu ba, ba su zo a foldodinsu ba, lambobi ne kawai a jere, domin suna a rajista yake zaune kuma rajista ta tafi. Wasu sun fito cikakku. Wasu rabinsu na sama lafiya, na ƙasa toka-toka. Wasu ƙananan kwafinsu ne kawai suka tsira, irin waɗanda waya ke yi domin ta nuna a jerin hotuna, in ka buɗe su da girma fuska ta dagule. Hoton Inna riƙe da 'yata ranar suna yana cikin waɗanda suka dawo cikakku, kuma na gode wa Allah a kan haka. Bidiyon biki kuwa bai buɗu ba. Injiniya ya ce bidiyon waya yana da wani ɓangare da ke bayyana yadda za a karanta sauran, yawanci a ƙarshensa ake rubuta shi, in ya ɓata sauran ba ya kunnuwa.

Sai ke. Kin fito, amma farkonki kawai. Da ya danna, sai ga gyaran muryarta, ga bisimilla, ga ta tana tambaya ko abin ya fara ɗauka. Ta bar Kano, ta isa Maiduguri, ta haye zuwa Fot Lami tana ba da labarin kwalekwale. Daga nan kika yanke. Na riƙe bakin teburinsa, ya bar ni har na samu natsuwa, sannan ya yi mini bayani. Daren da aka ɗauke ki katin ya kusa cika, an sha gogewa da sakawa, babu wani fili mai tsawo da ya rage. Sai waya ta rarraba ki a guraben da ta samu nan da can, rajista ce kaɗai ta san wanne ke bin wanne. PhotoRec ta ga kanki ta bi ki har inda gurbin farko ya ƙare. Ragowarki ba ta da alamar farawa, kuma galibin inda take zaune fim ya hau kai. Ya ƙara bincike da wata manhajar, ya sake bi ta wata hanya, bai samu ba. Bai karɓi cikakken kuɗin da muka yi ciniki ba, duk da na matsa masa. Allah Ya saka masa da alheri.

Zaman da na yi a shagon nan ya nuna mini cewa ɓata iri-iri ce, kuma da yawa daga masu kuka ba su rasa komai ba. Wani ɗalibi ya zo da katin da aka sa a kwamfutar wani shagon buga takardu, duk foldodinsa suka koma 'yan alamomin gajeriyar hanya da ba sa buɗuwa. Bairos ne ya ɓoye su. Injiniya ya kashe bairos ɗin, ya rubuta umarnin attrib, komai ya bayyana a cikin minti kaɗan. Wani kuma hotunansa sun ɓace daga waya, ashe suna cikin foldar LOST.DIR, inda Android ke tara guntayen da ta tsinta bayan rajista ta samu matsala. Lambobi ne ba su da wutsiyar da ke nuna irinsu, ana ƙara musu .jpg sai ga su sun buɗe. Haka Windows ke yi idan aka saka chkdsk, ta tara su a FOUND.000, sai dai shi chkdsk rubutu yake a kan katin, don haka bayan an ɗauki kwafi ake gwada shi. Akwai kuma katin da ke buɗuwa, ana ganin komai, amma ya ƙi karɓar sabon abu, ya ƙi goguwa. Mutane kan ɗauka taurin kai ne su shiga neman yadda za su tilasta shi. Sau da yawa katin ne ya ga ƙarfinsa ya ƙare ya kulle kansa domin a samu a kwashe kaya. Wanda ya ga haka ya kwashe a ranar. Katin da ya tsage ko ya karye kuwa, da yake ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa a dunƙule suke wuri ɗaya, da wuya a samu komai.

Wadda ba zan manta ba wata baiwar Allah ce da ta zo da kati an rubuta masa giga 64, cike da bidiyon walimar saukar ɗanta. Sunayen fayil duk suna nan, girman kowanne yana nan, amma na baya-bayan nan ko ɗaya ba ya buɗuwa. Katin jabu ne. Ainihin cikinsa kaɗan ne, aka sauya masa bayanin da yake ba waya domin ya riƙa cewa shi babba ne. Yana karɓar kaya lafiya har ya cika ɗan cikin nasa na gaskiya, daga nan duk abin da aka ba shi ko dai ya zubar, ko ya ɗora shi a kan na farko, rajista kuwa tana ta rubuta suna kamar komai na tafiya daidai. Ke an ajiye ki sannan aka rasa ki. Nata ba a taɓa ajiye shi ba ma, tana tsaye tana ɗauka yana zubewa. Wannan algus ne mafi muni, domin mai sayen gurɓataccen man gyaɗa kuɗinsa kawai ya yi asara, mai sayen jabun memori kuwa ranar da ba za ta maimaitu ba ya yi asara. Masu shigo da su sun san abin da suke shigowa da shi, suna kuma buga musu tambarin manyan kamfanoni. Mai saye a kan farashin da ya yi araha fiye da hankali ya tsaya ya yi tunani. Gwajinsa ba wuya: manhajar H2testw, wadda ta fito daga Jamus, ko F3, tana cika sabon kati da bayanai sannan ta karanta su ta faɗi nawa ne suka dawo. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi a gwada a gabansa ba.

Akwai wata ɓatar da ita ma ba ta da magani, kuma masu gyara da yawa ba sa gargaɗi a kanta. Tun daga Android 6.0 na 2015, wasu wayoyin kan tambaya ko a haɗe memori da ma'ajiyar cikin waya su zama abu ɗaya. In aka amsa, wayar tana kulle katin da makullin sirri da ke zaune a cikinta ita kaɗai. Ranar da aka yi wa wayar filashin, ko aka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, makullin ya tafi. Kaya na nan a katin, ba mai iya karanta su. Kafin a miƙa waya a yi mata irin wannan aiki, a fara kwashe abin da ke katin tun tana buɗe shi. Manhajojin nan kuma da ake saukewa a waya masu alƙawarin dawo da komai da dannawa ɗaya, yawancinsu ƙananan kwafin nan kawai suke tsintowa.

Wani abu ya tsaya mini a rai da nake kallon hotuna suna fitowa a fuskar kwamfutarsa. Har waɗanda aka goge tun shekarun baya sun dawo. Manhaja ba ta san wanda mai shi ke nema da wanda ya so ya rabu da shi ba. Matan gidanmu ne a ciki, wasu ba lulluɓi, suna cikin ɗakinsu. Injiniyan ya juyo da fuskar kwamfutar wajena ya kau da kansa, da muka gama kuma ya goge kwafin a gabana. Ba kowa ke da wannan tarbiyyar ba. Wanda zai kai katin iyalinsa ya zauna a wurin har a gama, ya ga an share abin da ya rage a kwamfutar. Wanda kuma zai sayar da tsohuwar waya ko ya kyautar da memori ya sani cewa gogewa da formatin na gaggawa ba sa rufa asiri. Dabarar da ta dawo mini da hoton Inna ita ce za ta tona na wani.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, Umma ba ta daina tambaya ba: mutanenmu na can fa, suna raye kuwa? Hausawa suna da yawa a ƙasar, a yankin Gadarif da Kasala da Sinnar da sauransu, kuma a yau ba wuya a aika cigiya ta WhatsApp ta zaga har ta isa. Amma cigiya sai da suna. Mun zauna da Umma da gwaggonnina mun yi ta tattarawa. Sun haɗu a kan sunan ƙanin mahaifin Inna. A kan ƙauyen sun rabu, wannan ta ce kusa da kogi ne, waccan ta ce ba ta ji haka ba. Sunayen 'ya'yan kuwa biyu kawai aka tuna, su ma ba a san wanne ne babba ba. A nan ne na san girman abin da kika tafi da shi. Muryarta muna da guntunta, muna ji muna yi mata addu'a. Zumuncin da ta so ta miƙa mana ne ya yanke a hanya.

Guntun naki da ya tsira yanzu yana wayoyin 'ya'yanta da jikokinta, a Kano da Zariya da Maraɗi, yana cikin Google Drive inda kowane mai asusu ke da giga 15 kyauta, yana kuma kan wata kwamfuta a gida. Hotunan da suka fi daraja an wanke su an sa a albam. Sunayen da aka tuna an rubuta su da biro a bayan littafin da Umma ke ajiye ranakun haihuwa. Sauran tsofaffin gidanmu kuma mun fara zama da su ɗaya bayan ɗaya, waya na ɗauka, wani na rubutawa, kuma ba a kwana sai an tura wa mutum uku.

Kai kuma mai karatu, in akwai muryar mahaifi ko ta kaka a wayarka, ka tura ta ga 'yan uwanka yau, kafin ka kwanta. Hotuna ka tura su a matsayin fayil domin kada WhatsApp ya rage musu kyau. Ranar da waya ta ce maka memori ya lalace sai an yi formatin, kada ka amsa mata, kada ka ɗauki ko hoto ɗaya a kai. Ka kashe wayar, ka zare katin, ka naɗe shi a takarda, ka nemi wanda zai fara tambayarka abin da ke ciki kafin ya taɓa shi. A wannan sa'ar kayanka suna nan.

Wassalam,
Jikan Inna.